Cajin waya, cajin kotu, cajin banki: wai duk kalma ɗaya ce?

Sabo_MaiCaji: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Tambaya gare ni, kuma da gaske nake, don abin ya kwana biyu yana cin raina. Sana'ata cajin waya. Ina da 'yar rumfa a bakin tasha, janareta ɗaya da allon soket mai baki sittin. Makon jiya aka kama ƙanena a wata rigima ta samarin unguwa, na rufe rumfa na bi sawu. Ina isa aka ce in jira a caji ofis. Washegari aka fito da takarda, wanda ya karanta mini ya ce "charged with" aka rubuta, wato an caje shi. Na je wurin mai POS cire kuɗin lauya, sai ga saƙo, banki ma sun cire nasu cajin. Da yamma na dawo rumfa a gajiye, wani yaro ya miƙo waya ya ce a sa masa caji. Na riƙe wayar nan na yi shiru. Me ya haɗa wutar da nake sayarwa da takardar da ta hana ƙanena kwana a gida? Kalma ɗaya ce a Turancin, ko kalmomi ne daban-daban bakinmu ya haɗe su?

Uwar_Khalifa: Wa alaikumus salam. Kafin komai, ya jikin yaron, an sake shi? Allah ya fitar da shi lafiya.

Sabo_MaiCaji: Amin Hajiya, na gode. An ba da belinsa, yana gida. Za a koma zama wata mai zuwa.

DanBirni_044: Ni a ganina kalmomi ne daban, rubutun ne kawai ya zo ɗaya. Ai Turanci cike yake da irin wannan. "Bank" na kuɗi da "bank" na gaɓar kogi, me ya haɗa su? Mu ma muna da gari na tuwo da gari na mutane.

Malam_Nahawu: Ɗan Birni, misalinka na gari daidai ne, amma bai hau kan wannan ba. "Charge" kalma ɗaya ce tal, kuma tushenta amalanke ne. Shekara ashirin da biyu ina koyar da Turanci a sakandare, duk shekara sai na ba 'yan aji shida wannan labarin, don yana ɗaya daga cikin waɗanda suke zama a kai.

Mutanen da suka zauna a ƙasar da yau ake kira Faransa kafin Rumawa su ci su da yaƙi, wato mutanen Gaul, gwanayen ƙera keken dabbobi ne. Suna kiran wani irin kekensu na kaya "karros". Rumawa suka ari abin, suka ari sunan, ya zama "carrus" a Latin. Julius Caesar ma ya yi amfani da kalmar a rubutunsa kan yaƙe-yaƙen da ya fara a can a shekara ta 58 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), inda yake maganar kekunan da wata ƙabila ta tara don yin ƙaura. Daga baya aka ƙago aikatau daga sunan, "carricare", wato yi wa keke lodi. Bakin Faransawa ya tauna ta ta koma "chargier". Da Normandawa suka ci Ingila a 1066, Faransanci ya zama harshen fada da kotu, kalmar ta haye ruwa, zuwa farkon ƙarni na 13 ta shiga rubutun Ingilishi da ma'anar ɗora kaya.

To Malam Sabo, riƙe wannan kalmar, ɗorawa, ka bi cajinka huɗu da ita. An ɗora wa ƙanenka laifi. Banki ya ɗora maka kuɗi. Wanda aka ce shi ne "in charge", an ɗora masa nauyin wuri. Ka ga Hausa ma hanyar da ta bi ke nan, ba mu ara wurin kowa ba: a ɗora wa jaki mangala, a ɗora wa talaka haraji, a ɗora wa mutum alhaki.

Sabo_MaiCaji: Allah ya ƙara basira Malam. Uku sun shiga. Amma wayar fa? Ni ban ɗora mata komai ba, jona ta nake yi.

Injiniya_Zazzau: Wannan ɓangarena ne, Malam a ba ni dama. A wajen 1745 zuwa 1746 aka ƙirƙiro wata kwalba a Turai mai iya riƙe wutar lantarki na ɗan lokaci. Ana kiranta da sunan garin Leiden na ƙasar Holan, inda Pieter van Musschenbroek ya yi gwajinsa. Masu binciken zamanin suna ɗaukar lantarki kamar wani ruwa ne da ba a gani, wanda ake ɗura wa kwalbar. Benjamin Franklin na Filadalfiya, wanda hotonsa ke jikin takardar dala 100, yana cikin waɗanda suka yaɗa "charge" da "discharge" da wannan ma'ana, a wasiƙun da yake aika wa abokinsa Peter Collinson a Landan a ƙarshen shekarun 1740. Shi ne kuma ya jera kwalaben nan da yawa ya kira su "battery", sunan da sojoji ke kiran jerin igwa. Batir ɗinmu daga nan ya fito. Wato bindiga suke hangowa: a ɗura, a harba.

Baban_Zainab_Gumel: Injiniya ka taɓo inda na sani. Mahaifina ɗan bindigar sarki ne, Allah ya jiƙansa. Daren sallah a zaure yake kwana da bindigarsa. Zai auna albarushi a tafin hannu, ya zuba ta baki, ya cusa tsumma, ya danna da ƙarfe har sai ya ji ta ƙi shiga. Mu yara muna leƙe daga bakin ƙofa, warin albarushin nan har yau yana hancina. Kalmarsa kullum ita ce ɗuri. "Na yi mata ɗuri." Da a ce mutanen zamaninsa ne suka fara ganin wayar hannu, na tabbata ɗurin waya za su ce, kuma da ya fi dacewa da caji.

Hauwa_Poly: Ɗurin waya! Wallahi Baba ya fi daɗi a baki. Amma yanzu ai bakin alƙalami ya bushe.

Malam_Nahawu: Amin, Allah ya jiƙan magabata. Abin da Baban Zainab ya kwatanta shi ne ainihin ma'anar da kalmar ta samu a ƙarni na 16, ɗura wa bindiga. A ƙarnin nan dai ta sami ma'anar afka wa abokan gaba a guje.

DanBirni_044: To a nan ne zan sake tsayawa, Malam. Na yarda da lodi, na yarda da ɗuri. Amma sojoji su ruga a guje su afka wa mutane, ina ɗorawa a ciki? Kar dai a ce don an sami bayani mai daɗi sai an tura kowace ma'ana cikinsa ko ta ƙi ko ta so.

Malam_Nahawu: Tambayarka a kan hanya take, kuma masana kansu sun kawo bayani fiye da ɗaya. Wasu sun ce daga ɗurin makami ta biyo, wato shirya makami don faɗa, sai ta koma faɗan kansa. Wasu sun ce nauyin ne dai, ka tattaro nauyinka da na dokinka ka sauke a kan abokin gaba. Ni na fi karkata ga na biyun, don ko a Hausa mukan ce sun yi musu dirar mikiya, ko sun danne su.

Sarkin_Zagi: Duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar fada ranar hawa ya ga jafi ba zai yi musun na biyun ba. Mahaya su jeru, su saki linzami gaba ɗaya, ƙasa tana girgiza a ƙarƙashin ƙafarka, sai dab da sarki su ja su tsaya cak, su ɗaga hannu. Nauyi ne yake tahowa, ba gudu kawai ba. A filin daga babu wannan tsayawar, shi ke nan bambancin. Na karanta labarin yaƙin Balaklaba na 1854, lokacin yaƙin Kirimiya, inda mahayan Ingila fiye da 600 suka yi irin wannan sukuwar kai tsaye zuwa bakin igwogin Rasha saboda umarnin da aka fahimta a karkace. Da "charge" Turawa suke kiran abin har yau. Kuma dokin yaƙi a Turanci sunansa "charger", rubutu ɗaya da cajar da ke rumfar Malam Sabo.

Sabo_MaiCaji: Ikon Allah. Ashe dawaki sittin nake kiwo a rumfa ban sani ba.

Barista_A: Malam Sabo, bari in koma kan ƙanenka, don a nan ne kuskuren fahimtar kalmar yake cutar da mutane. Idan aka ce "charged with", tuhuma ce kawai. An ɗora masa magana, ba a tabbatar ba. Samun mutum da laifi kalmarsa daban, "convicted". Sau da yawa ina ganin iyaye sun shigo ofis suna kuka wai an caje ɗansu, a zatonsu an gama shari'a. Unguwa kuma ta ɗauka, yaro ya zama ɓarawo a bakin mutane tun alƙali bai buɗe fayil ba. Na san yarinyar da aka fasa aurenta a kan haka, daga baya kotu ta sallami mahaifinta ta wanke shi, amma mijin ya riga ya tafi.

Tsarin mulkin 1999, sashe na 36, ya ce duk wanda ake tuhuma ba shi da laifi har sai an tabbatar. Sashen ya ce dole a sanar da shi abin da ake tuhumarsa da shi dalla-dalla cikin harshen da yake ji, kuma in ba ya jin harshen kotu a ba shi tafinta ba tare da ya biya ko kwabo ba. Ranar zama, in ƙanenka bai gane abin da aka karanto ba, ya buɗe baki ya ce bai gane ba. Kar ya gyaɗa kai don kunya. Haƙƙinsa ne.

Sannan a lura da ƙaramar kalmar da ke biyo baya. "Charge with" laifi ne ke biyo ta. "Charge for" kuɗin kaya ko na aiki ne. Ɗalibai suna yawan musanya su.

Sabo_MaiCaji: Barista, Allah ya saka da alheri. Wallahi mahaifiyarmu kwana uku ba ta ci abincin kirki ba saboda kalmar nan. Yanzu zan je in karanta mata abin da ka rubuta.

Hauwa_Poly: Barista ya tuna mini wani abu da ya taɓa kayar da ni a jarrabawa. "In charge of" da "in the charge of". Na farko kai ne mai kula, na biyu kai ake kula da kai. Ƙaramar "the" ɗin nan ita ke juya zancen gaba ɗaya. Malamarmu ta ce mu tuna da nas da majiyyaci: nas tana "in charge of" ɗaki, majiyyaci yana "in the charge of" nas.

Nas_Rabi: Mu kuwa a asibitin karkara kalmar ta zama sarauta. Ba mai kiran shugaban wurin da sunansa, daga ma'aikata har matan ƙauye sai dai Incaj. "Incaj ya zo?" "Sai Incaj ya sa hannu." Sannan "discharge", wato sallama. In aka bi bayanin Malam, an sauke kaya ke nan, gado ya huta. Amma kalmar dai ita muke rubutawa in miki yana fitar da ruwa. Sabuwar ɗaliba sai ta rikice in ta ga biyun a fayil ɗaya.

Dan_Maradi: Salamu alaikum 'yan'uwa na Najeriya. Mu nan da muka yi lakwal da Faransanci, "charger" muka sani, ana faɗinta sharje. Direban babbar mota ya sharje buhunan albasa, kai ma ka sharje wayarka, kalma guda. Ma'anar lodi ba ta ɓace ba a Faransanci, ita ce ma ta farko da yaro zai koya. Amalanken shanu ko na jaki kuma "charrette" ne, ka ga keken da Malam ya faɗa yana nan da ransa. Abin da nike son sani, in daga Faransanci Ingilishi ya ara, don mi ku ke cewa caji mu muna cewa sharje? Wa ya ɓata ta?

Malam_Nahawu: Ɗan Maraɗi, ba wanda ya ɓata, amma in ana neman wanda ya canza, Faransawa ne. Lokacin da Ingilishi ya ari kalmar, Faransawa da kansu suna furta "ch" kamar c ɗinmu na caca. Daga baya, wajen ƙarni na 13, furucinsu ya sassauto ya koma sh. Ingilishi ya riƙe tsohon. Shi ya sa suke da "chief" da c, tsohon aro, da kuma "chef" da sh, sabon aro, alhali kalma ɗaya ce. Wato cajin Kano ya fi sharjen Maraɗi kama da bakin Faransawan shekara 800 da suka wuce.

Akwai kuma wani reshen. Faransancin arewa, na Normandi, bai juya k ta koma c ba sam. Ta wannan ƙofar "carry" da "car" suka shiga Ingilishi. Ta Sifaniyanci "cargo" ta shigo. Ta Italiyanci aka sami "caricature", zanen da aka yi wa lodin kamanni fiye da kima, a ƙara wa hanci tsawo, a ƙara wa kunne faɗi. "Career" ma asalinta hanyar da keke ke bi, ta zama filin sukuwa, ta zama tafarkin aikin mutum. Duk jikokin amalanke ɗaya ne.

Dan_Maradi: Madalla. Zan kai wannan labari fada wurin shan shayi, akwai wani malamin lakwal da kullum yake ce muna Ingilishi gurɓataccen Faransanci ne.

Abu_Sinnar: Gaisuwa daga Sudan. Ina karantawa ina mamaki, don Larabci ma haka ya yi. "Shahn" shi ne yi wa jirgi ko mota lodi, babbar motar kaya "shahina", cajar waya "shahin", sa kuɗi a layi ma shahn muke cewa. Kuma kalmar tsohuwa ce ƙwarai, duk wanda ya yi makarantar allo ya karanta "alfulkil mash'hun" a Yasin, jirgin da aka cika da kaya. Ba daga Latin ta zo ba, tushenta daban, amma tunanin ya faɗa rami ɗaya.

Injiniya_Zazzau: Sai dai fa a kimiyyance tunanin bai cika daidai ba, gara in faɗa. Batirin waya ba tulu ba ne da ake cika shi da wuta. In ka jona caja, ƙwayoyin lithium ne ke ƙaura daga wani ɓangaren batirin zuwa ɗayan, in kana amfani da wayar su komo. Ba abin da aka zuba daga waje ya taru a ciki kamar ruwa a randa, wutar tura su kawai take yi. Kamfanin Sony ne ya fara fitar da irin wannan batir kasuwa a 1991, kuma mutum uku da suka yi aikin ƙirƙiro shi sun sami kyautar Nobel a 2019. Abin da ya fi kashe shi zafi ne, sai kuma barinsa ya mutu murus kullum.

Uwar_Khalifa: Injiniya to ni da nake barin tawa a jone har asuba fa? In an kawo wuta ƙarfe ɗaya na dare ba ni da zaɓi.

Injiniya_Zazzau: Hajiya wayoyin yanzu suna yanke wutar da kansu in sun cika. Kar dai ki sa ta ƙarƙashin matashi, kuma ki guji cajar da ake sayarwa a baro.

Sabo_MaiCaji: Wannan gaskiya ne. Duk wayar da ta kumbura a rumfata, in ka bincika, ko dai cajar banza ce ko an bar ta a rana.

Mai_Unguwa_Jr: Jama'a an fara komawa gyaran waya. Ni tambayata kan Hausar ce. Mun ari caji, to "caza" fa daga ina? Ba Bature da ya taɓa cewa caza. Amma kowa na cewa na caza wayata, kar ka caza mini kai.

Daliba_BUK: Wannan mun yi shi a darasin tsarin sauti, kuma shi ya fi burge ni a duk zancen. A Hausa z takan koma j in i ko e ta biyo ta: kaza, kaji, gaza, gajiya, ciza, ciji. Da Bahaushe ya ji caji, sai kunnensa ya ɗauka j ɗin nan asalinta z ce, ya mayar da ita inda yake zaton ta fito, ya ƙera caza. Daga nan ta shiga sahun aikatau kamar 'yar gida: na caza, na caje, ta cazu. Haka aka yi wa "change", ta zama canji, muka fitar da canza. Yau wa zai ce maka canza baƙuwa ce?

Malam_Nahawu: Ɗaliba kin biya. In ƙara miki, ita ma "change" ta Faransanci ta biyo, daga Latin "cambiare", wadda ita ma ake danganta ta da harshen mutanen Gaul ɗin nan. Kalmar kafinta, mai aikin katako, ma haka, daga "carpentum", wani keken nasu mai ƙafa biyu, maƙerinsa shi ne kafintan farko.

DanBirni_044: To saura ɗaya, kuma a nan ba zan sauka ba. In ɗan sanda ya tare ka a hanya ya caje ka, ya laluba aljihu, ya buɗe but, wannan ba ɗorawa ba ce, ba ɗuri ba ce. Ni na ce daga "search" ta fito, bakinmu ya haɗe ta da caji. Ka ga ashe maganata ta farko ba ta faɗi duka ba.

Barista_A: Ni kuma ina ganin daga caji ofis ta fito. Nan ne ake juye aljihun wanda aka kamo, a karɓi bel da takalmi da waya, a rubuta a littafi, kafin a rubuta tuhuma. Mutane suka ga abin da ake yi a ɗakin, suka ba shi sunan ɗakin.

Daliba_BUK: Ta ɓangaren sauti, "search" da saci ko saci-wani-abu ya kamata ta ba mu, s ba ta cika komawa c a farkon kalmar aro ba. Amma tana yiwuwa kalmomin biyu sun haɗu a hanya, ɗaya ta ba da sauti ɗaya ta ba da ma'ana. Zan kai wa malaminmu ranar Litinin.

DanBirni_044: Ki kai masa, amma ki faɗa masa yadda na faɗa, kar ki rage.

Baban_Zainab_Gumel: Tun muna yara, kafin waya, kafin banki ya zo garinmu, caje ɗin da muka sani shi ne na 'yan kwastan a hanyar Maigatari. Su sauke buhu, su soka masa ƙarfe. Cajin batir kuwa sai wajen masu rediyo da masu mota.

Sabo_MaiCaji: Na dawo daga wurin Inna. Na karanta mata maganar Barista sau biyu, na ce mata ɗorawa aka yi, ba a tabbatar ba, kuma abin da aka ɗora ana iya sauke shi. Ta ce a yi wa Barista godiya, ta kuma ce a tambaye shi, ranar zaman ita ma za a bar ta ta shiga, ko a waje za ta tsaya?

Barista_A: Za ta shiga, zaman kotu a buɗe yake ga kowa. Ku je da wuri don ta sami wurin zama a gaba inda za ta ji tafinta, kuma a kashe waya kafin a shiga.